Lalle a Ƙafar Zomo na Tara

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe ne, a rana ta ashirin da uku da fara magani. Na san lokacin daidai domin kullum sai na rubuta shi a littafi kafin in taɓa keji. Na sa safar hannu, na ɗauko zomo na tara, na kwantar da shi bisa buhun da nake shimfiɗawa a cinyata, na warware bandejin ƙafarsa ta baya. Faratansa sun yi ja wur. Gashin da ke tsakanin yatsunsa, wanda na bari fari tas, ya koma ruwan goro. Ko ban kai hanci ba na san abin da nake gani, amma na kai. Lalle ne, irin wanda aka kwaɓa da kauri aka bar shi ya kama.

Na buɗe na goma, da na sha ɗaya, da na sha biyu. Duk haka suke. An kuma mayar da bandejin da kyau, ɗaurin ya ma fi nawa tsari.

Waɗannan huɗun su ne bai kamata a sa musu komai ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, ina karanta ilimin ƙwayoyin cuta. Aikin kammalawata a kan ciwon farce ne, wanda wata ƙwaya dangin fumfuna ke haddasawa. Takan shiga ƙarƙashin farce ta ci shi a hankali, ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, ya riƙa marmashewa. Ba a fara gwada magani a jikin mutum, sai an bi ta kan dabba. Malamin da ke duba aikina ya zaɓi zomo, saboda farcensa ya fi na ɓera girma, ana iya gani ana iya yankawa. Sai dai lafiyayyen zomo ba ya kamuwa da sauƙi. Sai an yi masa allurar da ke rage ƙarfin jiki, a shafa ƙwayar a gindin farcen, a naɗe da auduga mai laima har mako biyu. Ni na yi wannan da hannuna ga zomaye goma sha biyu. Ni na sa musu ciwon.

Muka raba su gida uku. Huɗu ana ɗiga musu maganin asibiti. Huɗu ana shafa musu ruwan lalle da na tace a ɗakin gwaji. Huɗu kuwa a bar su da ciwonsu, a riƙa dubawa kawai, domin in ba a san yadda ciwo ke tafiya shi kaɗai ba, ba a sanin abin da magani ya yi. A takarda wannan layi ɗaya ne, ban kuma taɓa tsayawa a kansa ba.

Ciwon ya kama ke nan aka shiga yajin aiki. Mai kula da ɗakin dabbobi ya daina zuwa. Malamina ya ce ko in tafi da su gida ko su mutu da yunwa. Ya ba ni kwalin safar hannu da galan na maganin wanke keji, ya ce kada in bar kowa ya taɓa su. Haka na iso Faskari da keji uku ɗaure a saman mota.

Gidan ba namu ba ne, na Gwaggo ne, ƙanwar Babana. Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Ruwan Godiya. Tun da zama a can ya gagara aka kore mana awaki, Baba kuma ya rasu, Inna ta dawo wurin Gwaggo da tukwanenta da tabarmarta. A bayan gidan akwai ɗan ɗakin awaki da ya daɗe ba kowa ciki. Nan na jera kejin.

Gwaggo ta leƙo ta riƙe baki.

“Ikon Allah. Mun aika a karanto mana likitanci, an dawo mana da kiwo. Su kuma waɗannan wa ya ɗaura masu safa?”

“Bandeji ne, Gwaggo.”

“To, ranka ya daɗe zomo. Mu da muka yi shekaru da faso ba wanda ya ɗaure mana.”

Inna ba ta leƙo ba. Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma a wurinmu uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ci abinci sai ta ce wa Gwaggo, “Ɗiyarki ba ta ci ba,” alhali ina zaune taku uku daga gare ta. In na gaishe ta takan amsa tana kallon tukunya. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka aka yi wa kowa. Ni ma kuma ba mai magana ba ce. A makaranta nakan yi shekara ban ɗaga hannu a aji ba. Tsakanina da Inna sai shirun ya zama ninki biyu, Gwaggo ce ke kai saƙo tana kawowa, tana ƙara nata gishiri.

Saboda Inna na zaɓi wannan aiki, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Shekara da shekaru tana shiga fadama dasa shinkafa, ƙafa cikin ruwa tun hantsi har azahar. Farcen babban yatsanta na dama ya yi kauri kamar ƙaho, ya lanƙwashe yana neman shiga nama. Duk mako sai ta ƙunsa shi da lalle, ta ce shi ne maganin akaifa tun kaka da kakanni. Kuma tana da ciwon suga. Na karanta abin da ake gudu in waɗannan biyu suka haɗu a ƙafa ɗaya, na ja masa layi da jar biro.

Kwana biyu da zuwana, muna zaune a tsakar gida ana ɓarzar wake, na daure na ce wa Gwaggo, da muryar da Inna za ta ji, ya kamata a kai ƙafar nan asibiti.

Gwaggo ta juya. “Matar yaya, kin ji abin da likitarku ta ce.”

“Lalle na yi,” in ji Inna, ba ta ɗago ba.

“Ta ce lalle na yi. Ke kuma kin ce ba ya yi. To ga alƙalai can a ɗakin awaki, masu dogon kunne. A bari su raba gardama. In zomaye suka ƙaryata lalle, sai mu ɗauke ta ko tana kuka.”

Inna ta yi murmushi kaɗan ta ce, “To.”

Gwaggo wasa take yi. Yau na sani, kuma duk wanda ya ji muryarta a ranar zai sani. Ni kuwa na koma ɗaki na rubuta a bayan littafina cewa an yi yarjejeniya: mako shida, in sakamako ya nuna, Inna za ta je asibiti. Na ji sauƙi ƙwarai. Ba sai na tsaya gabanta na yi mata gardama ba. Takarda za ta yi magana a madadina.

Na riƙe aikin kamar ibada. Safe da la'asar nake duba kowace ƙafa. In auna inda fari-farin ya kai a farce, in duba ko gindinsa ya kumbura, in rubuta ko zomon ya ci harawarsa. In wanke keji, in ƙone audugar da na cire a wani gwangwani. Na tara, mai baƙin kunne, ya fi kowa jin jiki. Wajen rana ta goma sha tara ya fara ɗage ƙafar, yana tafiya da uku. Na rubuta: “Na tara, ba ya taka ƙafar dama.” Washegari na sake rubuta haka. Wani lokaci in na juya sai in ga Inna a bakin rijiya da guga a hannu tana kallon wajen. Da idonmu ya haɗu sai ta ci gaba da jan ruwanta. A kwanakin nan ta fara sa safa ko da rana tsaka. Na gani, ban rubuta ba, domin babu layinsa a littafin.

A rana ta ashirin da biyu dusa da harawa suka ƙare, na tafi kasuwar 'Yankara. Na yi niyyar dawowa kafin azahar. Aka ce hanya ba kyau, direbobi suka ƙi tashi sai motoci sun taru a tafi tare. Muka zauna a inuwar wata rumfa muna jira, kowa na kallon titi. Ban shigo gida ba sai gab da magariba. Na zuba wa zomaye abinci, ban warware ko ƙafa ɗaya ba. Shi ne gurbi na farko a littafina. Washegari da safe na ga jan farcen.

Na fito da zomon a hannu, ban ma san na fito da shi ba. Gwaggo na hura wuta.

“Gwaggo, wa ya shiga ɗakin awaki jiya?”

Ta dubi ƙafar, ta kwashe da dariya har tana tari. “Kai! Amarya ta sha ƙunshi. Yaushe za a kai ta?”

“Gwaggo, aikina ya lalace.”

“Don an yi mashi kwalliya? Ke dai ba ki da godiya.”

“Ke kika sa?”

Dariyar ta tsaya. “Ni? In taɓa abin da kika cusa wa cuta? Jiya ina gidan suna tun safe, ki tambayi unguwa.” Ta ɗan saci kallon ɗakin Inna, sannan ta koma kan wutarta. “Wataƙila aljanu ne. Su ma suna da tausayi.”

Mu uku ne a gidan. Ba sai an yi dogon lissafi ba. Amma in tsaya gaban Inna in ce, ke ce? Na je har ƙofar ɗakinta, na ga takalmanta a waje, na dawo.

Na hau tudun bayan gida inda waya ke kamawa na kira malamina. Ya saurara har na gama.

“Duka huɗun?”

“Duka, Malam.”

“To ba ki da abin kwatantawa. Ko na lallen sun warke, wa ya sani ko da an bar su ma za su warke? Zomo in allurar nan ta sake shi, jikinsa kan kori cutar da kansa.” Sai ya tambaya, “Wa ya yi wannan aiki?”

“Ban sani ba, Malam.”

“Ki ƙarasa kwanakin, ki yanko mani faratan. In an koma za mu ga abin da za a yi.”

A ranar ya kamata in gane cewa tun da babu sakamakon da za a jira, babu dalilin jira. Ban gane ba. Abin da ya cika mani kai shi ne an ɓata mani aiki, kuma wadda na yi aikin dominta ita ta ɓata. Na ce a raina tsoron asibiti ne ya sa ta, ta ga alƙalai za su kama ta sai ta saye su. Na yi fushi irin na marasa magana: ina gaishe ta, ina wanke mata kwano, ban ƙara ko kallon ƙafarta ba. Na sayo kwado na rufe ɗakin awaki. Na ci gaba da aunawa safe da la'asar, ina cika shafuka da lambobin da na san ba su da amfani.

Ranar da mako shida ya cika na kira mahaucin unguwa ya yanka su. Na yanke faratan ɗaya-ɗaya na sa a ƙananan kwalabe, kowace da lambarta. Naman ba a ci, saboda allurar da cutar. Na haƙa rami a bayan ɗakin. Gwaggo ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

“Nama goma sha biyu a rami, a wannan zamani. Allah ya isa tsakanina da boko.”

Ba ta yi dariya ba a wannan karon. Na tara shi na sa a ƙarshe. Jan bai gama fita daga gashinsa ba.

Bayan kwana huɗu, da azahar, Gwaggo ta shigo ɗakina ba sallama.

“Taso ki gani. Tun shekaranjiya nake jin wari ina cewa ɓera ne ya mutu.”

Inna na zaune a bakin gado, Gwaggo ta cire mata safar da ƙarfi. Farcen ya shige nama ya huda. Yatsan ya yi baƙi har gindinsa, na kusa da shi ya fara bi, ƙafar ta kumbura tana sheƙi. Lallen da aka ƙunsa a kai ya ɓoye launin tun farko, shi ya sa ko da an hango daga nesa sai a ce ƙunshi ne. Inna ta juya fuska ga bango. Ni ce ta ji kunyar in gani.

“Tun yaushe?” na tambayi Gwaggo.

“Ni kike tambaya? Ke ce mai littafi.”

A asibiti a Funtuwa likitan ya danna saman ƙafar, ya tambayi Inna ko tana ji, ta ce sama-sama. Ya dubi Gwaggo ya dube ni.

“Wa ke kula da ita?”

“Ga ɗiyarta nan,” in ji Gwaggo. “A jami'a take. Ciwon akaifa ma take karantawa.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, alfahari take yi. Likitan ya dube ni na ɗan lokaci, ya sunkuya ya yi rubutu. Washegari aka yanke yatsu biyu. Bayan mako guda aka ga bai tsaya ba, aka koma aka cire rabin tafin.

Aikin makarantar na ƙarasa shi daga baya, da aka janye yajin aiki. Ba mu sake sayen zomaye ba. Malamina ya ce mu yi da kofaton saniya, domin in aka yanka shi siriri yana kama da farcen mutum. Na roƙi wani mahauci ya ajiye mani kofato kafin a babbake ƙafar. Aka shuka ƙwayar a kan yankakken kofaton, aka ɗiga lalle, aka jira. Kofato ba ya ɗage ƙafa, ba ya kallon mutum. Abin da na gani kaɗan ne: a sama lallen yana rage yaɗuwar fumfunar, amma in yankin ya yi kauri ba ya ratsawa. Na rubuta haka, aka ba ni maki. Amma wannan duk daga baya ne.

Muna asibitin, wata rana da la'asar, Gwaggo ta fita neman ruwan zafi. Matar gadon kusa tana barci. Wata nas ta ce a riƙa duba ɗaya ƙafar kullum, a yanke faratan a miƙe kada su shiga nama. Na ɗauko abin yanke farce daga jakata, wanda na yi wa zomaye aiki da irinsa, na zauna a ƙarshen gadon. Na ɗauki ƙafar Inna ta hagu na ɗora a cinyata. Ta so ta janye, na riƙe. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe ƙafarta ba. Ba ta da nauyi. Dunduniyar duk faso, faratan da sauran jan lalle a bakinsu.

Na yanke na farko, na yanke na biyu. Ina kallon ƙafar, ba fuskarta ba, shi ya sa maganar ta iya fita.

“Inna, wa ya sa wa zomayen nan lalle?”

Ta dubi ƙofa. Na ɗauka za ta jira Gwaggo ta dawo ta ba ta saƙon. Na kama yatsa na uku.

“Ni ce,” ta ce.

Ni ta faɗa wa, ba bango ba, ba Gwaggo ba.

“Don kada a kai ki asibiti?”

“A'a.” Ta gyara kwanciya. “Wannan mai baƙin kunnen, kwana uku yana ɗage ƙafa. Ina bakin rijiya ina ganinki. Ki ɗauke shi, ki duba, ki rubuta, ki mayar da shi ki rufe littafi. Sauran kina ɗiga masu abu, su huɗun nan ba ki ɗiga masu komai. Na ce to, waɗannan ba mai zuwa masu. Na san yadda ake taka ƙafa da gefe don kada a gani. Ina da sauran lalle a kwano, sai na sa masu.”

Na kasa ci gaba da yankan. Na ce, “Amma Inna, ke kika ce a jira zomaye.”

“Ni ban ce ba. Gwaggonki ce ta yi wasanta, na ce to.” Ta ja zanen ta rufe ƙafar da aka yanke. “Asibiti kuwa, da kin tsaya a gabana ko sau ɗaya kin ce, Inna tashi mu tafi, da na tashi. Ina ta jira ki ce.”